Fensir Dozin Ɗaya

Tun da na dawo daga Gombe abokaina malamai ba su bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ya tare ni ya ce, “Malam Buba, ya birni?” Wancan ya ce wai da gaske ne na kwana a ƙofar kantin wani Ibo. Ban kwana ba, ƙarya ake yi mini, kuma na san wanda ya ƙirƙiro ta. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Bana ne 'yan aji bakwai na farko a makarantarmu ta Wuro Bappa suka kai munzalin zama jarrabawar shiga sakandare. Yara ashirin da uku ne, waɗanda na bi gida gida na roƙo tun suna 'yan mitsi-mitsi da majina a hanci. Ana saura kwanaki kaɗan sai ga takarda, wai bana ba mutum ne zai duba amsoshin ba, na'ura ce a Legas, kuma na'urar nan ba ta ganin rubutun komai sai na fensir iri guda, mai tambarin H da B a gindinsa. Yaron da bai zo da shi ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Mu kuwa fensirin da muka sani a garinmu shi ne na malaman auduga, wanda sai an lasa yake yin shunayya, yaro ya wuni da harshe kamar ya sha ruwan marina.

Na kai maganar wurin Jauro Hammadu, mai garinmu. Dattijo ne mai shanu, kuma tun da aka gina makarantar bai taɓa taka ƙofarta ba. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

“Malam,” in ji shi, “shekara bakwai ka hana yaran nan kiwo da noma, ka ce akwai ranar da za mu gani da idonmu. To ranar ta zo. In ka kai su suka dawo ba su shiga ɗakin nan ba, kada ka ƙara tsayawa a ƙofar gidan kowa da maganar boko.”

Bai ɗaga murya ba, kun san halin Fulani. Da ma ya yi mini tsawa ne da ya fi mini sauƙi. Na ce, “Allah ya ja zamaninka, za su shiga.” Na fito ban ma san inda zan samo abin da na yi alkawari a kai ba. Amma zuwa da kai ya fi saƙo, washegari da sassafe na ɗaura akwatina na ƙarfe a bayan keke na kama hanya.

Akwatin nan babba ne, wanda na yi karatun kwalejin horon malamai da shi. Na ɗauko shi babu komai a ciki, don a tunanina cika shi zan yi da kayan rubutu in dawo ana kallona. A bakin kogin Gongola na bar keken a gidan wani masunci, na shiga kwalekwale tare da wata tsohuwa da ragonta. Ragon nan bai ga wurin tsayawa ba sai kan akwatina. Duk motsin da ya yi sai akwatin ya yi ƙara kamar ganga, ragon ya firgita, kwalekwalen ya karkace. Na ce, “Goggo, ki riƙe dabbarki, ni ban iya ruwa ba.” Ta ce ai shi ma bai iya ba, kuma ya fi ni tsada.

A Dadin Kowa na sami babbar mota ta albasa, muka hau can sama kan buhuna, rana tana dukanmu. Muna shiga Kwadon taya ta fashe. Direba ya sauko ya zagaya motar, ya ce ba shi da safaya, ya ba wani aro tun makon jiya, sannan ya nemi inuwa ya kwanta abinsa. Wallahi da ɗalibina ne da ya sha bulala. Muka wuni a nan, na ci ƙosai a wurin wata mata mai yawan tambaya, wadda da ta ji abin da zai kai ni Gombe ta yi dariya har da riƙe ciki, wai mutum da gemunsa ya ƙetare kogi saboda ɗan itace. Sai bayan la'asar aka samo taya.

A bakin gari akwai shingen 'yan sanda. Kowa ya buɗe kayansa aka duba aka wuce, sai ni. Da ɗan sandan ya buɗe akwatina ya ga wayam, sai ya ƙura mini ido.

“Ina kayan da ke ciki?”

“Babu komai, yallaɓai.”

“Wa ya taɓa tafiya da akwati babu komai? Ina ka zubar da su?”

Ya ƙwanƙwasa gindin, ya ƙwanƙwasa murfin, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya ƙwanƙwasa. Waɗanda suka ɗauko kaya sun wuce lafiya, ni da ban ɗauko komai ba ni ne abin zargi. Sai da na nuna takardar jarrabawar kafin suka sallame ni.

Gombe kuwa ta canza, ban gane ta ba. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan har da ariyas, wato cikon watannin baya, kuɗi ya haukata garin. Ko'ina sabon babur, masinjan ofis ma yana tafe da rediyo rataye a kafaɗa tana ihu. Ba mai tsayawa ya gaishe ka. A garinmu in ka wuce mutum ba ka tambaye shi gida da shanu da gajiya ba, sai an kai ƙararka wurin Jauro. A nan na yi wa wani sallama ina neman hanyar Tudun Wada, ya nuna mini da leɓe, ko tsayawa bai yi ba.

Na sauka a gidan Malam Yila, Batangale ne, ɗaki ɗaya muka zauna da shi a kwaleji, yanzu yana koyarwa a cikin gari. Yana ganina ya ce, “Kai, Bafulatanin daji, wa ya nuna maka hanyar birni?” Na ce, “Wanda ya sauko da kai daga kan dutse.” Muka rungume juna. Matarsa, Maman Ladi, tela ce a kasuwa, ta yi mana tuwon dawa da miyar dargaza, mai yauƙi har sai ka murɗa hannu kafin ta rabu da kwano. Abin da ya ba ni mamaki, tabarma ɗaya aka shimfiɗa, miji da mata da 'ya'ya da baƙo duk muka zauna, suka rufe ido suka yi addu'arsu, ni ma na yi bisimillata. Kuma matar tana sa baki a hirar maza, har tana ƙaryata mijinta a gabana, shi ko dariya yake yi. Na ce a raina, in matata ta ji wannan na shiga uku. Amma fa sun karrama ni, har buta da sabuwar tabarmar salla suka ajiye mini, Malam Yila ya nuna mini gabas.

Da gari ya waye na saɓi akwati na shiga neman fensir. Na fara da wani babban kanti mai fanka a sama, 'yan mata a bayan kanta, kowane kaya da farashinsa a manne. Wai a nan ba a ciniki. Ka ji wata al'ada, a sayar maka da abu ba albarka ba taya, kamar kana biyan haraji. Akwai alƙalamai na zinariya, akwai keken rubutu, akwai jakar hannu irin ta manyan ma'aikata, na ga wani mutumin GRA, unguwar manya, yana saya wa ɗansa ɗan aji biyu ita. Na ce fensir nake so mai H da B. Yarinyar ta ce ya ƙare, in sayi biro mana, ai ya fi kyau. Na ce, “'Yata, na'urar Legas ba ta san kyau ba.”

Daga nan sai kantin littattafai na mishan. Wata dattijuwa mai tabarau ta ce tun makon jiya makarantun cikin gari suka kwashe, sabon kaya kuma yana cikin jirgin ruwa a Legas, jiragen siminti sun tare hanya ba a san ranar saukewa ba. Ta ba ni ruwan sanyi, ta ce Allah ya taimake ni. Na shiga kasuwa rumfa rumfa. Tawada ga ta nan, alli kwali kwali, littattafan rubutu har rufi, ambulan, takardar kabon, abin da duk ba ka nema. Wani ya ɗauko mini fensir mai hoton furanni ba tambarin komai, ya rantse har da ɗaukar ƙasa wai shi ne, tambarin ne ya goge a hanya. Na ce ya ji tsoron Allah. Gari ya cika da kuɗi, za ka iya sayen rediyo goma kafin azahar, amma fensirin yaro ya gagara.

Can da yamma, ƙafafuna sun kumbura, na faɗa wani ɗan kanti a bayan tasha. Mai shi wani Ibo ne, Oga Sunday, gajere mai tumbi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ina ɗaga kai sai na hango fensirorin a kan kanta ta sama, kwali guda cur, tambarin yana kallona.

“Oga, sauko mini da wancan.”

“Ba na sayarwa ba ne, Malam. Na wani ɗan kwangila ne, zai kai ofisoshi.”

“Ya biya?”

“Bai biya ba, amma ya yi magana. Shi ne mai saye a wurina duk wata. Kai kuwa daga yau ba zan ƙara ganinka ba.”

Na roƙe shi, na gaya masa labarin yarana, ya ce kowa da labarinsa yake zuwa. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce ofisoshin me, waɗanda akawu ke sosa kunne da fensir? Na faɗi maganganu, har mutane suka taru. Shi kuwa sai ya jawo ƙofarsa ya sa kwaɗo ya hau babur ya bar ni tsaye da akwati.

Na koma Tudun Wada ko tuwo na kasa ci. Gaskiya na ji tsoro a daren nan, ina ta ganin fuskar Jauro. Malam Yila yana ta ba ni haƙuri, sai Maman Ladi ta ajiye ludayi ta ce, “Malam, ai ba ka san mutanen ba ne. Shekara nawa ina maƙwabtaka da su a kasuwa. Ba sa korar mai cinikin farko. Wanda ya fara shigowa da safe, in ya fita hannu wofi, a wurinsu kasuwar ranar ta lalace. Ko faɗuwa za su yi sai sun sayar masa. Ka riga kowa zuwa, kuma kada ka bari wani ya sayi ko allura kafin kai.”

Malam Yila ya ce ai wannan camfi ne, Oga Sunday mai zuwa coci ne. Ta ce, “Kai ma mai zuwa coci ne, me ya sa ba ka fita in ka yi tuntuɓe da ƙafar hagu?” Ya sunkuya ya ci gaba da cin tuwonsa. A nan na gane amfanin mace ta zauna a tabarmar maza.

Ina sallame sallar asuba na fita. Na je na dasa akwatina a ƙofar kantin na hau kai na zauna, wannan shi ne kwanan da ake cewa na yi. Mai shayi na gefe ya kawo mini shayi da burodi, yana ta satar kallona. Rana ta fara fitowa sai ga wani masinja a kan keke, wai an aiko shi sayen ambulan guda ɗaya. Ambulan ɗaya zai kashe mini shekara bakwai. Na ce masa, “Ɗan'uwa, bayana za ka tsaya.” Ya ce sauri yake yi, ogansa na jira. Na ce ko gwamna ke jira, bayana za ka tsaya. Ya dubi idona, ya dubi akwatin, ya koma baya.

Da Oga Sunday ya iso ya gan ni, sai ya kashe babur ya daɗe a zaune a kai. Ya sauko ya buɗe kwaɗo, ya yi 'yar addu'arsa a bakin ƙofa, ya share gaban kantin. Yana ajiye tsintsiya na sa ƙafa ciki.

“Ina kwana, Oga. Fensir nake so.”

“Wa ya gaya maka?”

“Ina ruwanka da wanda ya gaya mini? Ga ni dai.”

Ya leƙa ya ga masinja a bayana, ya ce masa, “Kai me ya hana ka riga shi?” Sannan ya ja kujera ya taka ya sauko da kwalin, yana girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya zaro ɗauri ɗaya ya ajiye a gabana.

“Dozin ɗaya.”

“Yarana ashirin da uku ne.”

“Al'ada ta ce kada in kore ka, Malam. Ba ta ce in ba ka kantina ba.”

Na yi juyin duniya ya ƙi ƙarawa, kuma na ga a idonsa cewa nan ne iyakarsa. Da babu gara ba daɗi, na biya. Amma na ce, “To kai ka yi al'adarku, saura tamu. A garinmu ko gishiri ka saya sai an yi maka gyara.” Ya riƙe baki ya ce bai taɓa ganin mutum irina ba, ya ɗebo magogai da reza ya zuba mini. Har na kai ƙofa ya kira ni ya ce, “In sun ci, ka aiko a gaya mini.”

A Tudun Wada na sami wani kafinta mai siririn zarto, ya raba kowane fensir gida biyu, yana yi yana tsaki wai bai taɓa yin ƙaramin aiki irin wannan ba. Na naɗe su a hankici na jefa a akwati. Duk hanya suna ta gangarawa a ciki ƙwal-ƙwal, kuma a shinge ɗan sandan nan ne dai, ya buɗe ya duba ya ce, “Yau dai an samu ci gaba.”

Na isa gida ranar Juma'a, ana gobe jarrabawa. Na tara yara na feƙe musu da hannuna, kowane fensir na raba wa biyun da ke zama benci ɗaya. Dija ce kaɗai ba ta da abokin zama, ita ce cikon ta ashirin da uku, don haka rabi ɗaya ya yi saura. Na kai wa Jauro shi a matsayin tsarabar birni. Ya jujjuya shi ya ce, “Saboda wannan ka ƙetare kogi?” Ya soke shi a naɗin rawaninsa, ya ce gobe da shi za a je, yana so ya gani da idonsa.

A Deba aka yi jarrabawar. Jauro ya zauna can gindin wata bishiya a wajen shingen makarantar, ya ƙi matsowa. 'Yan makarantun gari suna ta wucewa da dogayen fensirori, suna kallon guntayenmu suna dariya. Mai kula da jarrabawar, wani dogo mai taye da aka turo daga nesa, ya tsaya a ƙofa yana duba na kowa. Yaronmu na farko ya miƙa, ya ga tambari, ya ce shiga. Na biyu ya miƙa, ya jujjuya, ya ce, “Ina tambarin? Koma gefe.”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Tambarin a gindi yake, gefe ɗaya kawai. Da muka raba fensir biyu, rabin yarana sun tashi da guntun da ba shi da shaidar komai. Ni da kafinta da Malam Yila, babu wanda ya yi wannan tunanin. Na ji gumi ya karyo mini har cikin takalmi.

Na ce, “Yallaɓai, fensir ɗaya ne, ni na sa aka yanka.”

“Ni abin da aka rubuta nake bi, Hedimasta. Da me zan san ɗaya ne?”

Yau kam ban yi faɗa ba, Gombe ta koya mini. Na juya na ce wa yara, “Kowa ya kama abokin bencinsa. Ku haɗa guntayenku, yanka da yanka.” Na kira wanda ya riga ya shiga ya fito. Suka jeru biyu biyu, kowane biyu riƙe da fensir guda. Da yake ta waje na feƙe kowane guntu ban taɓa wurin zarto ba, sai ga yanka ya hau kan yanka daidai, fenti ya bi fenti. Wanda na feƙe ta gindi ma tambarinsa na nan, don na kiyaye shi ba tare da na san zai yi rana ba. Mutumin ya duƙa ya duba na farko, ya duba na biyu, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, “Ku shiga.” Haka suka dinga wucewa biyu biyu, masu dariyar nan duk sun yi tsit. Ban taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba.

Saura Dija ita kaɗai a ƙofa, da guntu marar tambari, hawaye sun cika mata ido. Mai taye ya ce, “Ina rabin naki?” Ta waiwaya ta dubi gindin bishiya. Ni dai ban iya kiran Jauro ba, wa ya isa? Sai gani na yi dattijon ya dafa sanda ya miƙe. Ya tako a hankali, ya shigo ta ƙofar makarantar boko da ƙafarsa, ya zo har gaban mutumin, ya zaro guntun daga rawani ya haɗa da na yarinyar. Yankan ya hau daidai.

“Shiga,” in ji mai taye.

Dija ta shige da gudu, aka rufe ƙofa. Jauro bai koma gindin bishiya ba, ya tsaya tare da ni a jikin taga muna jin ƙarar takardu. Ya mayar da guntunsa cikin rawani, ya gyara masa zama sosai. Sakamako bai fito ba tukuna, Allah kaɗai ya san abin da na'urar Legas za ta gani. Amma kafin mu bar wurin ya taɓa ni da kan sandarsa, bai ko dube ni ba.

“Malam,” in ji shi, “baɗi ka tafi da wuri, kuma ka sayo da yawa. Yaran za su fi haka.”